Tausar tafin ƙafa za ta iya maye gurbin maganin suga da hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamar makaranta ce a Argungu. Mahaifiyata shekararta 63, tana da ciwon suga shekara takwas ke nan, ga kuma hawan jini. Wata biyu da suka wuce wani mutum ya fara zuwa unguwarmu da allo mai zanen tafin ƙafa, an rarraba shi kala-kala, wai nan ƙoda, nan hanta, nan zuciya. Yana danna mata ƙafa da wani ɗan sanda, ya kuma sayar mana da takalmi mai ƙuraje a ciki. Gaskiya tun da aka fara tana samun barci, kuma ta ce zafin ƙafar ya ragu. Yanzu ya ce in an cika zama ashirin za ta iya ajiye ƙwayoyin asibiti, ita ma dama ta ce ta gaji da su. Mene ne gaskiyar amfanin wannan tausa? Mu ci gaba ko mu bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya tun ba a kai ga ajiye magani ba. Ni aikina gashi da motsa gaɓɓai, sashen da ake kira fisiyo a asibiti, a nan Birnin Kebbi. Da tausa nake aiki kusan kullum, don haka ba a bakina za ki ji an raina ta ba. Amma abu biyu nake roƙonki ki yi tun yau. Kada Inna ta tsallake ƙwayarta ko sau ɗaya, ta suga da ta hawan jini duka. Sannan ki ɗauke takalmin nan mai ƙuraje, ki ajiye shi inda hannunta ba zai kai ba.

Da Inna ta ce barci ya samu kuma zafi ya ragu, na yarda da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙafa guda tana da ƙasusuwa 26 da mahaɗai 33, ga tsoka da agara sun ɗaure su, kuma tun asuba har dare ita ke ɗauke da nauyin mutum. Tafin ƙafa na cikin wuraren da suka fi yawan jijiyoyin ji a jiki, shi ya sa ko ƙwayar gero ce ta shiga takalmi sai kin ji ta. Idan hannu ya murza wurin, saƙon taɓawa yakan bi manyan jijiyoyi masu sauri zuwa lakar gadon baya, ya rage wa saƙon zafi hanyar wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, su suka yi bayanin wannan a 1965, amma iyayenmu mata sun riga su aiki da shi: yaro ya buge da turmi, uwa ta ja shi ta murza wurin tana hura masa, kuka ya lafa. Sauƙin gaske ne, sai dai ba ya daɗewa, awa kaɗan ne ko zuwa wayewar gari.

Barcin ma yana da dalili. Mutum ya kishingiɗa na minti goma sha biyar, ba ya magana, ba ya lissafin cefane, wani na riƙe da ƙafarsa a hankali, to numfashi zai lafa, bugun zuciya ya sauka, tsokar wuya da ta kafaɗa su saki. In aka auna jini a lokacin ana iya ganin ya ɗan sauka, kafin ya koma inda yake. Akwai kuma abin da na'ura ba ta aunawa, wanda ni nake gani da idona a wurin tsofaffi. Dattijuwa takan yi wata da watanni ba wanda ya taɓa jikinta in ba ma'aikacin da zai ɗaura mata abin awon jini ko ya tsira mata allura a yatsa ba. 'Ya'ya sun girma, kowa na fama da gidansa, gaisuwa ma daga bakin ƙofa ko ta waya. Ranar da wani ya durƙusa gabanta ya ɗauki ƙafarta ya ɗora a cinyarsa, ranta ne ke fara samun sauƙi kafin jiki ya biyo baya. Da can wannan aikin jikoki ne. Bayan sallar isha kaka ta miƙe ƙafa a tabarma, yara na matsa mata tana yi musu tatsuniya. Manomin da ya yini tsaye cikin laka a fadamar Argungu yana dashen shinkafa, shi ma ya san daɗin a matsa masa sharaɓa da dare. A Ingila har a gidajen da ake jinyar masu ciwon daji da ya yi nisa ana yi wa marasa lafiya tausar ƙafa, kuma a fili ake gaya musu don sauƙin jiki da kwanciyar hankali ake yi.

Wannan shi ne iyakar amfanin da zan iya dafa ƙirji a kansa: raguwar gajiya da tsamin ƙafa, sauƙin zafi na ɗan lokaci, sanyin rai, da barci. Za a iya ƙarawa da ɗan sacewar kumburin da doguwar tsayuwa ko dogon zama ke kawowa, musamman in an ɗaga ƙafar bisa matashi.

Allon da mutumin yake yawo da shi wani zance ne daban. Sunan abin rifleksoloji. Masu tallarsa kan ce ilimi ne na dubban shekaru daga Sin ko Masar. Tausar ƙafa kam tsohuwa ce a ko'ina, har a bangon wani tsohon kabari a Saƙƙara ta Masar akwai zanen mutane ana riƙe musu hannu da ƙafa. Amma shi zanen da ke cewa nan hanta, nan ƙoda, daga Amurka ya fito, kuma bai daɗe ba. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, William Fitzgerald, shi ya raba jiki gida goma daga ka zuwa yatsun ƙafa, ya ce in aka matsa wani wuri a gida ɗaya zafi zai ragu a sauran gidan. Littafinsa ya fito a 1917. Daga baya wata mai aiki irin nawa, Eunice Ingham, ta ɗauki ra'ayin ta kwashe jiki gaba ɗaya ta zana shi a tafin ƙafa: yatsu su ne kai, tudun da ke ƙarƙashinsu ƙirji, tsakiya kayan ciki, diddige ƙugu. Nata littafin ya fito a 1938, kuma kusan duk allunan da ake gani yau daga nata suka samo tushe.

Matsalar ita ce an san hanyar kowace babbar jijiya a jikin ɗan Adam. Ta tafin ƙafa takan bi ta bayan idon sawu, ta hau sharaɓa, ta bi bayan cinya, ta shiga laka a ƙasan gadon baya, daga nan saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa. Babu reshen da ya ratse daga babban yatsa ya nufi hanta, ko daga tsakiyar tafi ya nufi gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, wadda ita ce maganar ciwon suga. Gaskiya ne ciwon wata gaɓa yakan bayyana a wani wuri, kamar yadda ciwon zuciya kan sauko hannun hagu ko muƙamuƙi, ciwon matsarmama kuma ya hau kafaɗar dama. Wannan yana faruwa ne don jijiyoyinsu suna shiga laka a wuri ɗaya. Tafin ƙafa da hanta ba su haɗa wannan hanya ba. Ki ma samu alluna biyu ko uku na mutane daban-daban ki jera su, za ki tarar ba su daidaita a kan gurbin wasu gaɓoɓin ba.

An kuma gwada abin a kan marasa lafiya. A 2001 a ƙasar Denmak an ɗauki masu ciwon asma 40 aka raba su biyu, rabi ana danna musu wuraren da allo ya nuna, rabi ana yi musu tausar da ba ta bin allo, tsawon mako goma. Da aka auna ƙarfin huhunsu ba a sami bambanci tsakanin ɓangarorin ba. A 2009 Farfesa Edzard Ernst na jami'ar Exeter a Ingila ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje guda 18 ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce babu gamsasshiyar hujja cewa rifleksoloji na maganin wata cuta. Gwamnatin Ostireliya ma ta sa an yi mata bita a 2015 tare da wasu hanyoyin jinya, ba a sami hujja bayyananniya ba. Abin da ya fi jan hankalina a cikin binciken nan shi ne sau da yawa duka ɓangarorin biyu sukan ce sun ji daɗin jikinsu, wanda aka bi masa allo da wanda ba a bi masa ba. Ke nan hannun ne ke aiki. Hannunki ma zai yi, ba tare da zane ko sanda ba.

Haka maganar gano cuta ta hanyar dannawa. Za a danna wuri, mutum ya zabura, a ce masa "ka ji ko, ƙodarka ce." Duk wanda aka tokare wa tsakiyar tafi da itace sai ya zabura, ko lafiyarsa ƙalau. Lafiyar ƙoda da gwajin jini da na fitsari ake sanin ta, kuma Inna tana bukatar wannan gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara saboda suga. Tun da muna kan zancen, in wata rana aka zo muku da robar ruwa mai wayar lantarki, a ce a tsoma ƙafa dattin jiki ya fita, ruwan ya koma ja ko baƙi, ki ce a kunna ta ba ƙafa a ciki. Zai rine duk da haka, domin ƙarfen da ke cikin ruwan gishirin ne ke sakin tsatsa.

Da a ce Inna lafiyayya ce da gajiya kawai ke damunta, da na ce asarar kuɗi ce kaɗai a ciki. Amma ƙafar mai suga ba kamar ta kowa ba ce, kuma nan ne hankalina ya tashi da na karanta saƙonki. Suga in ya daɗe yana cin jijiyoyin ji, daga yatsu yake farawa ya yi sama, kuma kusan rabin masu ciwon sukan gamu da haka a tsawon rayuwarsu. Zafin da Inna ke ji a ƙafa, in irin mai raɗaɗi ne kamar barkono ko kamar ana tsira allura, wanda ya fi tsanani da dare, to akwai yiwuwar alamar wannan ce. Abin mamakin shi ne ƙafar da ke wannan raɗaɗi ita ce kuma ba ta jin ƙaya in ta taka. Ga jini ba ya isa sosai, ga suga na hana ciwo warkewa da wuri.

Akwai wani dattijo manomi da aka taɓa turo mana don mu koya masa tafiya bayan an yanke masa yatsu uku. Ƙaramar ƙusa ce ta huda takalminsa na roba ta leƙo ciki. Kwana biyu yana tafiya a kanta, ya je gona, ya je masallaci, bai ji komai ba. Matarsa ce ta ga ɗigon jini a tabarmar sallarsa. Aka wanke, aka ɗaure da tsumma, aka ce ai ƙaramin ciwo ne. Kafin a kawo shi asibiti wurin ya yi baƙi ya fara wari. Ranar da na fara miƙar da shi tsaye, ya riƙe kafaɗata ya sunkuya yana kallon ƙafar, ya ce mini, "Ɗana, wallahi ko sau ɗaya ba ta yi mini ciwo ba." Wannan magana ba ta bar ni ba har yau. To ki duba, takalmin da kuka saya ƙuraje ne masu tauri da ke tokare wuri ɗaya duk taku, sandan kuma ana danna shi ne har sai mutum ya ce wayyo. Wadda jin ƙafarta ya ragu ba za ta ce wayyo da wuri ba, sai a ƙara ƙarfi. Daga nan sai bororo ko taruwar jini a ƙarƙashin kaushi, daga bororo sai gyambo.

Ajiye ƙwaya kuwa, shi ya fi komai haɗari. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana cin tuwonsa yana barcinsa lafiya, jininsa na can sama da 140 bisa 90 shekara da shekaru, yana cin zuciya da ƙoda da ido a ɓoye. Masu shanyewar ɓarin jiki su suka fi yawa a ɗakin aikina, kuma da yawansu in na tambayi 'yan uwa sai a ce ai ya ji sauƙi ne ya daina shan magani. Jin sauƙin da ya sa aka daina, maganin ne ya kawo shi. Duk wanda ya ce wa mai suga da hawan jini ta ajiye ƙwaya alhali bai auna jininta ba, bai ga sakamakon gwajinta ba, ya ɗauki alhakin da ba zai iya sauke shi ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Shawarata ita ce tausar ta ci gaba, amma ta dawo hannunki, ko hannun wata jikarta mai hankali. Bayan isha, Inna ta kishingiɗa, ki zauna inda haske yake, ko ki kunna fitilar waya. Ki wanke ƙafar da ruwan ɗumi da sabulu, amma ki fara tsoma gwiwar hannunki a ruwan, kada ki bari ita ta gwada da ƙafa. Ba a jiƙa ƙafar mai suga ta daɗe a ruwa. Ki tsane ta da tawul mai laushi, ki bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin ki shafa komai, ki duba. Ki juya tafin, ki kalli diddige, ki buɗe tsakanin yatsu, ki ga ko akwai tsaga, ko bororo, ko wurin da ya yi ja ko ya fi sauran duhu, ki shafa bayan hannunki ki ji ko wani wuri ya fi zafi. A wurina wannan dubawa ta fi tausar kanta daraja, domin idonki ne zai tsaya wa Inna a madadin jin da ƙafarta ta rasa.

Sai ki lakato man kaɗanya, ki narka shi a tafin hannunki, ki shafe saman ƙafar da tafin da diddige. Kada ki sa tsakanin yatsu, wurin yana son bushewa, danshi ke kawo masa cin ruwa. Ki riƙe ƙafar da hannu biyu, ki riƙa shafawa daga yatsu zuwa idon sawu, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Da manyan yatsunki ki murza tafin kewaye-kewaye, ƙarfin da ba zai bar shaida a fata ba. Ki lanƙwasa kowane yatsa ki miƙe shi, ki juya idon sawu dama da hagu, ki tura tafin sama a hankali har ta ji agara ta miƙe, ki riƙe kamar daƙiƙa ashirin. Minti biyar zuwa bakwai kowace ƙafa ya isa. Ita ma da kanta, tana zaune tana lazimi, ta riƙa ɗaga yatsu tana saukewa, domin tsokar sharaɓa ce ke tura jini ya koma sama, kuma motsi ya fi tausa yi mata wannan aiki. Ɗan tattaki a tsakar gida bayan cin abinci, da takalmi mai laushi a ƙafa, yana taimaka wa sugan kansa.

Yanayinmu ma yana da nasa. Da hunturu faso ke tsaga diddige, tsofaffi kuma suna son miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, nan ne ake ƙonewa ba a sani ba. Safa ta fi. Da bazara, watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, simintin tsakar gida kaɗai ya isa ya tashi fatar tafi, don haka ko buta za ta ɗauko ta sa takalmi, kuma a zazzage shi kafin a sa. Kada a yanke mata kaushi da reza, farce kuma a yanke shi miƙe, kada a bi kusurwa. In za a sa mata lalle, ki duba ƙafar da kyau kafin a ƙunsa, domin in ya kama ya yi duhu yana ɓoye canjin launin fata. Bayan kowace alwala a tsane tsakanin yatsu.

Akwai ranakun da ba a tausa sam. In akwai ciwo a buɗe komai ƙanƙantarsa, ko ƙafar ta yi ja ta kumbura da zafi. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sharaɓa na ciwo, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi, ko doguwar kwanciyar jinya, ko haihuwa, to ana tsoron gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma murza shi na iya sa ya ɓalle ya tafi huhu. Wannan asibiti ake nufa a take. Haka in ƙafar ta yi sanyi ta canza launi, ko tana ciwo in an yi 'yar tafiya sai an tsaya. Mai juna biyu da ƙafa da fuska suka kumbura ga ciwon kai, awon jini take bukata don gudun jijjiga.

Gajiyar da Inna ta ce ta yi da ƙwayoyi kada ki ɗauke ta wasa, shekara takwas ana haɗiya safe da dare ba ƙaramin abu ba ne. Ki tambaye ta abin da ke damunta da su. In ƙwayar suga mai suna metformin ce ke ɓata mata ciki, shan ta tare da abinci na rage hakan, kuma daɗewa a kanta na iya rage sinadarin B12, wanda ƙarancinsa ke ƙara mutuwar ƙafa, ana kuma iya gwada shi. In ƙwayar hawan jini mai suna amlodipine take sha, ita kanta takan kumbura idon sawu. In yawansu ne ko tsada, likita na iya haɗe wasu ko ya canza. Ki sami ɗan littafi, ki riƙa rubuta awon jininta da na suga na safe kafin ta karya, tsawon mako huɗu. Ga yawancin manya ana neman sugan safe tsakanin 80 da 130, ko 4.4 zuwa 7.2 in na'urarku mai ƙananan lambobi ce, amma likitanta ne zai faɗi nata. Ku tafi da littafin babban asibitin Argungu, ko asibitin Sir Yahaya in kun shigo Birnin Kebbi. Da kun shiga ɗakin likita ki cire mata takalmi tun kafin a ce, ki roƙi a duba ƙafar. Akwai wani siririn zaren roba kamar na fatsa da ake taɓa tafi da shi ido a rufe, cikin minti biyu za a san ko jin ya ragu.

Shi kuwa mai allon, ki sallame shi cikin mutunci, ki ce likita ya hana danna ƙafar da itace. Inna kuma kada ki ce mata an yaudare ta, domin sauƙin da ta ji gaskiya ne. Ki ce mata daga yau ke za ki riƙa yi mata da hannunki. In kika duba ƙafar daren nan kika ga bororo, ko tsaga mai ruwa, ko wani baƙin tabo a ƙarƙashin kaushi inda ake dannawa, ki rufe shi da bandeji mai tsabta, kada ta taka da ƙarfi, gobe da safe ku tafi asibiti ba sai ranar da aka ba ku ta zo ba. A gaishe mini da Inna da jiki.